Hannuwan Mansur

Da hantsi muka shiga Madina, ni da ƙanena Mansur, a wata doguwar mota da ta kwaso mu daga Jidda. Ni tela ne, shi kuma gola. A Funtuwa ba mai kiransa da sunan yanka in ba Inna ba. Gam ake ce masa, domin in ƙwallo ta taɓa hannunsa ta manne ke nan. Jakata cike take da almakashi da zare da 'yan kayan sawa. Tasa ba komai ciki sai takalman ƙwallo da safar hannu da ya naɗe a tsohon ɗankwalin Inna.

Wanda ya kawo mu wani ne ana ce masa Alhaji Tanimu. Ya ga Mansur yana tsaron raga a wani wasa, ya biyo shi har gida, ya zauna a tabarmar Inna ya ce akwai ƙungiya a Madina da ke neman irin wannan hannu. Inna ta ce autanta ba zai tafi wata ƙasa shi kaɗai ba. Dalilin da ya sa na rufe shagona na biyo shi ke nan. Da bizar Umara muka shigo.

Alhaji Tanimu ya sauke mu a wani tsohon masauki bayan Masallacin Manzo, ya karɓi fasfunanmu ya ce zai je a yi mana iƙama, wato takardar zama. Ya ce gobe bayan azahar zai dawo ya kai Mansur wurin masu ƙungiya. Mansur ya wanke takalmansa ya shanya a taga. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Washegari ma haka. Har mai masaukin ya fara tsayawa a ƙofarmu yana magana da hannu, tunda ba ma jin bakinsa. Ranar da ya fito mana da jakunkunanmu waje bai yi faɗa ba, har ya ba mu gurasa mai zafi a leda. Ban sake ganin Alhaji Tanimu ba har yau.

Muka koma farfajiyar masallaci. Nan muke wuni, mu sha ruwa, mu yi salla, mu zauna muna kallon mutanen duniya suna wucewa. Wata rana bayan la'asar muna gardama a kan ko mu nemi hanyar komawa gida, sai wani tsoho baƙi mai farin gemu, sanye da jallabiya da jan ƙyalle irin na Larabawa, ya tsaya a kanmu.

"Ku 'yan ina ne, ya auladi?"

"Funtuwa, Baba," na ce.

"Funtuwa." Ya maimaita kamar yana ɗanɗana sunan. "Kakana daga Rano ya taso da ƙafa. Ni ban taɓa ganin garin ba. An ce akwai dutse."

"Akwai, Baba," in ji Mansur. "Amma bai kai duwatsunku na nan baƙi ba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Sunansa Bakur, kowa Ammu Bakur yake ce masa, wato Baffa Bakur. Ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi, aka haifi ubansa. Ya ji labarinmu bai ce komai a kan Alhaji Tanimu ba, sai ya ce, "Yalla, ku ɗauko kayanku."

Gidansa a unguwar Sih yake. Ya ba mu ɗaki a saman bene kusa da tankin ruwa. A daren farko matarsa, Hajiya Safiya, ta aiko mana da tuwo da miyar kuka. Kukar ta daɗe, alhazai ne ke kawo mata daga gida tana adanawa a gwangwani. Mansur ya ci, ya suɗe kwanon, sannan ya juya fuska bango.

Ammu Bakur yana da ɗa mai suna Fahad, sa'an Mansur, direba ne mai ɗaukar masu ziyara a wata mota mai dogon baya. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Da Mansur ya ba shi labarin ƙungiyar da ke jiransa, Fahad ya dube shi, ya dubi ubansa, ya yi wata doguwar magana.

"Me ya ce, Ammu?"

"Ya ce ƙungiyoyin ƙasar nan ba sa ɗaukar baƙo ya tsare musu raga. Ɗan gaba, e. Ɗan tsakiya, e. Amma gola sai ɗan ƙasa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Alhajinku ya zauna a tabarmar mahaifiyarku."

Mansur ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "To a unguwa fa? A unguwa ma sai ɗan ƙasa?"

Fahad ya yi murmushi ya girgiza kai.

Haka zama ya kama mu. Ni na samu ɗinki a ɗakin baya na shagon wani mutumin Chadi, ina haɗa jallabiyoyi daga safe zuwa isha'i. Mansur yana dakon kwalayen dabino a kasuwa da safe, da yamma ya tsare wa ƙungiyar unguwar su Fahad raga. Mun koyi yadda marar iƙama ke tafiya a titi: ba sauri, ba waige, in ka hango motar 'yan sanda sai ka shiga shagon da ya fi kusa kamar da ma can za ka. Wannan tsoron ya shiga jinin duk wanda ya san mu. Yaran unguwa ma in sun ga baƙuwar mota sai su yi mana fito.

Filin nasu ba ciyawa. Ƙasa ce mai tsakuwa, an zagaye da tsofaffin tayoyi, turakun raga kuma bututun ruwa ne na ƙarfe da aka kafa da siminti. Ranar Juma'a nakan je kallo. Cikin ɗan lokaci sunan Gam ya zaga unguwannin, har samarin da ba su san ma'anarsa ba suna ihu, "Ya Gam! Ya Gam!" Shi kuwa in ya cafke ƙwallo sai ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya nuna wa wanda ya buga.

"Yaya, ka ga Larabawan nan?" yakan ce mini a hanyar gida. "Gudu kamar barewa, amma bugunsu kamar mai aiko da saƙo. Sai dai in ce an gode."

Fahad ya ji, ya zage shi da Larabci, shi ya rama da Hausa, suka bi juna da gudu har ƙofar gida.

A lokacin ba wayar hannu. Kaset muke ɗauka mu ba masu komawa gida, Inna ma ta sa a ɗauki muryarta a kawo mana. Mansur ne mai yawan magana a namu. "Inna, ina tsaron gida a Madina, kowa ya san ɗanki." Ba ƙarya ya yi ba. In na Inna ya zo kuwa, akwai wani wuri da zakara ya yi cara a bayan muryarta, ana jin luguden maƙwabta daga nesa. Wannan wurin yake ta mayarwa baya yana saurare, har sai na ce zai tsinka mana kaset.

Ranar da abin ya faru ba na filin. Salla ta matso, ɗinki ya yi mana yawa. Ana gab da magariba na ji an buga ƙofar ɗakin baya. Fahad ne, da kayan ƙwallo a jikinsa, ƙura har gira. Ya buɗe baki, kuma a karo na farko tun da na san shi ya yi mini Hausa.

"Yaya, zo."

Abin da zan faɗa yanzu daga bakin waɗanda ke wurin na ji, daga baya kuma daga bakin Mansur. Wasan ƙarshe ne na gasar unguwanni. Aka bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa ta gaban raga, ɗan gaban ɗaya ƙungiyar ya taho da gudu, Mansur ya faɗa mata da kai kamar yadda ya saba. Gwiwar yaron ta same shi a ka, ta tura shi ya bugi bututun ƙarfen. Bai suma ba. Yana kwance yana cewa, "Wuyana, wuyana." Ya ɗaga gwiwarsa ɗaya ya sauke. Kowa ya gani.

Wani Bamisire cikin 'yan kallo ya yi ta ihu kada a taɓa shi, a kira is'af, motar asibiti. Amma abokansa sun san ba shi da iƙama. A tunaninsu in motar asibiti ta zo 'yan sanda za su biyo ta, a ɗauke Gam daga gadon asibiti a jefa shi jirgi. Saboda suna son sa suka kama shi, wasu hannu wasu ƙafa, suka sa shi a motar Fahad suka kai shi gida.

Ammu Bakur mai ɗori ne. Ya gada daga ubansa, uban ya gada daga kakan nan da ya taso daga Rano. Rabin samarin Sih shi ya gyara musu targaɗe da gocewar ƙashi, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ya shafa wuyan Mansur ya ce gocewa ce. Ya naɗe ƙyallensa ya zagaya masa a haɓa, ya sa aka danne kafaɗunsa, ya yi bisimilla ya ja.

Mansur ya ce mini bai ji zafi ba. "Sai na ji kamar an kashe fitila, Yaya. Daga wuya zuwa ƙasa."

Ban ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba zan ɗora ba a wannan rubutu. A garinmu ma haka ake yi. Na sha ganin an ja wuyan wanda ya faɗo daga bishiya, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Da ina wurin, abin da zan ce a yi ke nan.

Da na iso na same shi kwance a kan darduma, idonsa biyu, yana numfashi da ƙyar. Na kama hannunsa na matsa. Ya ce, "Ka kama ni ne?" Nan Ammu Bakur ya miƙe ya ce a tafi asibiti, ko me zai faru ya faru.

Ba wanda ya tambaye mu iƙama a bakin ƙofa. Suka karɓe shi da gudu, suka sa masa abin riƙe wuya, suka shige da shi. Sai daga baya aka zo maganar takardu, Ammu ya tsaya mana aka wuce wurin. Na daɗe ina tuna wannan ƙofa da yadda ta buɗe ba tambaya.

Likitan da ya duba shi ɗan Sudan ne, yana jin Hausa irin ta can. Ya kira mu ni da Ammu da Fahad, ya ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila ya nuna mana inda ƙashin wuya ya tsage, da inda ya matsa ya yanke laka.

"Bayan ya faɗi, ya motsa ƙafa?"

Fahad ya ce ya motsa.

"To wa ya ja shi?"

Ina kallon takalmana. Sai na ji muryar Ammu Bakur, ƙasa-ƙasa.

"Ni ne, ya daktor."

Likitan ya dubi tsohon, ya dubi hannuwansa, ya sauke hoton ya mayar cikin ambulan. Ya ce a aikinsa ya ga 'yan ƙwallo iri-iri: wanda ƙashin ƙwaurinsa ya ɓullo ta fata, wanda gwiwarsa ta tashi daga aiki, wanda ya rasa ido. Duk waɗannan sun fita da ƙafarsu ko da sanda. Wannan kam ba zai sake tafiya ba. Kafaɗa za ta riƙa motsi kaɗan. Yatsu, a'a.

Da aka bar ni na shiga wurinsa, an ɗaure masa kai da wasu ƙarafa. Ya juyo da ido.

"Yaya, ta shiga?"

"Me?"

"Ƙwallon."

Na fita na tambayi Fahad na dawo. "Ba ta shiga ba."

"To," ya ce, ya lumshe ido.

Ya yi watanni a asibiti. Da suka sallame shi, Ammu ya kwashe kujerun ɗakin baƙinsa na ƙasa ya sa gado. Aka koya mana yadda za mu riƙa juya shi don kada bayansa ya yi miki, da yadda za mu danna masa ciki ya iya tari. Jikinsa ya daina zufa daga ƙirji zuwa ƙasa, saboda haka in zafin Madina ya taso sai mu jiƙa tawul mu rufa masa. Hannuwan nan da suka kawo mu ƙasar suka lanƙwashe a hankali, yatsun suka dunƙule ciki kamar na jariri. Ban daina zuwa ɗinki ba, domin dole a ci. Da safe Ammu Bakur ne ke ba shi abinci a baki, da yamma ni. Tsohon ya daina ɗori. In an kawo masa mai targaɗe sai ya ce a kai asibiti, ya rufe ƙofa.

'Yan ƙungiya suka kawo masa kofin da suka ci, aka ajiye a kan taga. Da farko kullum ɗakin cike yake, daga baya sai ranar Juma'a, daga baya sai Fahad kaɗai. Yaron da gwiwarsa ta same shi ya zo sau ɗaya, ya durƙusa a bakin gado yana kuka, ya ce ya bar ƙwallo har abada.

"Fahad, gaya masa ya daina mini kuka a kai," in ji Mansur. "Ai bai ci ba. In zai bar ƙwallo ya bari don bai iya ba."

Yaron ya yi dariya cikin hawaye. Bayan ya fita Mansur ya ce a juya masa fuska bango.

A kaset mun gaya wa Inna ya ji ciwo a wuya, yana samun sauƙi. Amma ba a daɗe ana ɓoye wa uwa irin wannan. Na je rumfar waya na kira gidan wani maƙwabcinmu, aka je aka kirawo ta, na faɗa mata komai. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"Inna?"

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Ba ya son abu da zafi. Ku riƙa fifita masa." Sannan ta ce, "Kabiru, ka kawo mini abina."

Da yamman nan ina ba shi shinkafa, ya kauda kai.

"Hannunka warin man keke yake, Yaya."

"Ka ci dai, malam. Gola ba ya zaɓen ƙwallo."

Ya karɓi lomar, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya ce, "In dai sai an ba ni a baki har ƙarshe, ni hannun Inna nake so."

Daga ranar ba shi da wata magana sai gida. Duk wanda ya ji kuwa sai ya riƙe baki. Hausawan unguwa suka yi ta zuwa, tsofaffi da ɗalibai, kowa da irin lallashinsa, amma maganar ɗaya ce: wa ke barin Madina a irin wannan hali? Kusa da Masallacin Manzo akwai maƙabartar Baƙi'a, inda ake binne wanda ya rasu a garin. Na san mutane a ƙasarmu da ba su da wata addu'a sai Allah ya sa ƙasarsu a can take.

Ammu ya fi kowa dagewa. Ya zauna a bakin gado ya riƙe dunƙulallen hannun.

"Ya waladi, mutane gida suke sayarwa su zo su mutu a nan. Kai Allah ya kawo ka har maƙwabta. Me na rage ka da shi? Faɗa mini in ƙara."

"Ba ka rage ni da komai ba, Ammu."

"To zauna. Halas, shi ke nan."

"Ammu, ni ba mutuwa na zo yi ba. Ƙwallo na zo yi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Allah ya sani ina son Manzo. Amma ina son in ga uwata."

Tsohon ya tashi ya fita. Ina jin sa a tsakar gida yana fyace hanci. Washegari ya sa sabuwar jallabiya ya ɗauki takardun asibiti ya fita tun da safe.

Marasa takarda in sun gaji, Jidda suke zuwa su zauna ƙarƙashin wata gada har a zo a kwashe su a mayar da su ƙasarsu. Mansur ba zai iya wannan zama ba. Ammu ne ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, da sandarsa, cikin rana, har aka ba mu takardar fita mu biyu, aka kuma yarda a ɗauke shi a kwance a jirgi. Likitan ya gargaɗe mu cewa ƙirjinsa ba ƙarfi, tafiyar tana da haɗari. Mansur ya ce ya ji, ya gode.

Abu ɗaya Ammu ya roƙa. Tunda hanyar Jidda ba ta da nisa da Makka, mu tsaya ya yi Umara, kada ya bar ƙasar bai yi sallama da Ɗakin Allah ba. A lokacin marasa lafiya a kan wani gadon katako ake ɗaukarsu a ka a yi musu ɗawafi. Mansur ya yi murna da wannan.

"A ɗaga ni sama kamar wanda ya ci kofi," ya ce. "Fahad, kai ne a gaba. Kada ka yar da ni, ka san hannunka ba gam."

Muka tashi da sassafe. Fahad ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa. Hajiya Safiya ta tsaya a bakin ƙofa da lulluɓinta, ta miƙo mini ƙullin dabino da ƙaramar kwalbar turare ta ce in kai wa Inna, 'yar'uwarta da ba ta taɓa gani ba. Ta leƙa ta taga ta ce, "Ma'assalama, ya Gam," ta juya da sauri.

Duk mai zuwa Umara daga Madina a Bi'ir Ali yake tsayawa ya ɗaura harami, fararen mayafai biyun nan. Wurin cike yake da manyan motoci. Turkawa, 'yan Indonesiya, mutanenmu, kowa fari fat, masu tallan silifa da bel suna bi tsakaninsu. Muka tsaya a inuwar katanga. Ni da Ammu muka goge masa jiki da ruwa, muka cire masa riga muka naɗa masa haramin. Ya rame ƙwarai, mayafi ɗaya ya kusa zagaya shi sau biyu. Ammu ya faɗa masa niyya ya maimaita, ya yi Labbaika da 'yar muryar da ta rage masa.

Ya nemi ruwa, na ba shi a murfin gora.

"Yaya, in mun isa, kada ka bar 'yan ƙwallo su shigo ranar farko."

"To."

"Inna kawai. Ka ce ta dama fura. Ba mai tsami ba."

"Na ji."

Na shiga masallaci na yi raka'a biyu na fito. Tun daga nesa na ga Fahad tsaye a bayan mota ya ɗora hannu biyu a ka. Na ruga. Ammu yana ciki a durƙushe, ya tallabe kan Mansur da hannuwansa biyu, a hankali, kamar mai riƙe da ƙwai. Numfashin yana fita guntu-guntu. Leɓunansa sun canza launi. Ya dube ni ya ce, "Ɗaga ni." Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa. Ammu yana ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, na ga bakinsa yana bi. Fahad ya tafi da gudu neman is'af, wannan karon ba wanda ya yi tunanin takarda. Kafin su iso ya cika.

A gefenmu wata babbar mota ta tashi, mutanen ciki suna Labbaika da ƙarfi, suka hau hanyar da za mu bi.

Muka juyo Madina. Mai wankan gawa da ya ji cikin harami ya rasu, ya ce ba za a sa masa turare ba, ba za a rufe masa kai ba, a mayafansa biyu za a binne shi. Na ce a garinmu ana rufewa. Ammu ya dafa ni ya ce a nan haka ake yi wa wanda ya mutu da harami, domin da Labbaika a bakinsa zai tashi ranar ƙiyama. Shi ya sa har aka sa shi a kabari ina ganin sumarsa, da ɗan tabon da bututun nan ya bar masa a gefen kai.

An yi masa salla a Masallacin Manzo bayan la'asar, cikin jama'ar da ban taɓa ganin irinta a jana'iza ba, kusan duk ba su san sunansa ba. Kaburburan Baƙi'a ba rubutu, dutse ne kawai a kai. Na yi ƙoƙarin riƙe wurin da ido. Da na koma bayan kwana biyu an yi sababbi a kewaye, ban gane nasa ba.

Mutane suka cika gidan Ammu. Kowa ya riƙe hannuna sai ya ce, "Ya dace. Madina, kuma cikin harami. Wallahi ya dace." Wani dattijo ɗan Kano ya ce, "Ka gode wa Allah, ɗana. Da kun ƙara gaba kaɗan da ya rasa Baƙi'a." Na ce Alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Na yarda da duk abin da suka ce. Sai dai ni ne na ji maganarsa ta ƙarshe a kan fura, kuma ba wanda zan gaya wa a ɗakin nan.

Ammu ya raka ni har filin jirgi a Jidda. Sai da za mu rabu ya ce duk Juma'a zai shiga Baƙi'a ya yi masa sallama muddin ƙafarsa na ɗaukarsa. Sannan ya ce, "Ka gaya wa mahaifiyarku abin da hannuna ya yi. Kada ka rage. Ka ce Bakur na neman gafara."

Na isa Funtuwa da yamma. An riga an yi zaman makoki an watse, amma da aka ji na dawo gidan ya sake cika. Nan ma maganar ɗaya ce, ya dace, ya dace. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana amsawa da "Alhamdulillahi." Ta tsufa fiye da shekarun da na yi ba na nan.

Da mutane suka tafi na shiga na zauna a gabanta. Na ba ta dabino da turaren Hajiya Safiya. Na ba ta safar hannun, a naɗe cikin ɗankwalinta kamar yadda ya tafi da ita. Na isar da saƙon Ammu Bakur ban rage komai ba. Tun ban kai ƙarshe ba ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ba ta tambaye ni Baƙi'a ba, ba ta tambaye ni yawan waɗanda suka yi masa salla ba. Ta daɗe tana shafa ɗankwalin a cinyarta.

"Wa ke ba shi abinci?"

"Da safe tsohon nan. Da yamma ni."

"Kuna fifita masa?"

"Muna fifitawa, Inna."

"Da wane hannu?"

Na miƙa mata na dama. Ta kama shi da hannu biyu ta juya, ta dubi tafin, ta dubi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kifa fuskarta a ciki. Aka kira magariba, aka idar, ba ta sake shi ba.